Ranar da Awaisu Ya Ɗumama 'Ya'yan Tarwaɗa

Shekara talatin Malam Awaisu ya yi yana su a dam ɗin Challawa, a cikinsu kuma ya yi ashirin yana kiwon kaji a bayan gida, domin ba kullum ruwa ke bayarwa ba. A unguwar masunta da ke gefen Karaye an san shi da abu biyu. Ba ya magana sai ya auna, kuma ba a taɓa yi masa dariya a bainar jama'a ba. Shi kansa ya san da na biyun, yana kuma tattalinsa kamar rigar Sallah.

Suwaiba ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba. In yana nemanta sai ya ce "Ke," in kuma yana zancenta ya ce "yarinyar nan." Ranar da ta gama karatun kiwon kifi a Kano ta dawo, maƙwabta suka cika gidan da barka, shi kuwa ya saɓa komarsa ya tafi ɗinki a gindin ɗorawa. Ba don bai ji daɗi ba. Daɗin ne ma ya kore shi, yana tsoron kada a gani a fuskarsa.

A tsohon ɗakin kajinsa ta kafa aikinta. Ta sa aka gina kwami biyu na siminti marasa zurfi, aka ɗora tanki a sama, aka kafa sola a kan rufi. Takan karɓi manyan tarwaɗa masu ƙwai daga hannun masunta, ta yi wa macen allura, ta tatse ƙwan ta haɗa da na namiji, kafin kwana guda dubban 'ya'ya sun ƙyanƙyashe, kowanne bai fi gashin ido ba. Abincinsu na farko shi ya fi ba Awaisu mamaki. Wani gari ne a gwangwani, kamar ƙasa, wanda ta ce ƙwan wasu 'yan mitsi-mitsin halittun teku ne, dangin jatan lande. In ta zuba shi a roba mai ruwan gishiri, washegari sai ka ga ruwan yana motsi, jajaye-jajaye. Awaisu bai taɓa ganin teku ba, amma ga 'ya'yanta suna iyo a ɗakin kajinsa. Ya raɗa musu suna ƙwarin gishiri.

Akwai kuma wani bututun ƙarfe mai ƙyalli, tsawon kamu guda, wanda ruwa ke bi ta cikinsa kafin ya zuba a kwami. Ta ce akwai fitila a ciki da ke kashe ƙwayoyin cuta.

"Baba, komai na ɗakin nan ana taɓawa, ban da wannan," in ji ta.

Bai tambayi dalili ba. Bai ga yadda zai tsaya 'yarsa tana ba shi karatu ba. Sai dai ya taɓa ɗora tafin hannunsa a jikin bututun, ya ji da ɗan ɗumi.

Wata Litinin a tsakiyar marka Suwaiba ta tafi Rogo Ruma duba kwamin wata ƙungiyar mata, waɗanda Hajiya Munawwara ke shugabanta. Su ne ke jiran 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe, waɗanda a ranar nan kwanansu uku a duniya. Ta bar wa mahaifinta ɗakin, aikinsa kawai ya leƙa ya ga ruwa na gudu. Ba ta jima da fita ba aka tsuge da ruwa mai iska, garin ya yi sanyi ƙalau. Da hantsi Awaisu ya shiga, ya tsoma hannu a kwami, ya ji kamar ruwan randa. Ya sunkuya ya duba. 'Ya'yan kifin duk sun taru a kusurwa, sun cure wuri ɗaya, baƙi ƙirin.

Ya san wannan taruwar. Shekara ashirin yana ganinta. In 'yan tsaki suka cure a lungu, sanyi ne, in kuma ba a kawo musu fitila ba, kafin gari ya waye na ƙasa sun mutu. Bai san cewa ɗan tarwaɗa duhu yake nema tun ranar da ya fito ba, kuma taruwa a kusurwa ita ce alamar lafiyarsa.

Ya tsaya yana kallon bututun. Ta ce kada a taɓa. To amma ai ba ta san za a yi wannan sanyin ba. Ya kwance murfin a hankali, ya zaro wata doguwar fitila siririya ta gilashi da wayarta. Ya ɗaura mata igiya ya rataya a azara, taƙi ɗaya tsakaninta da ruwa. Wayar ba ta kai kwami na biyu ba, sai ya bar ta a kan na farko, kusa da robar ƙwarin gishiri. Haskenta shuɗi ne mai kyau, bai taɓa ganin irinsa ba. Ɗakin ya ɗauki wani ɗan wari kamar na wurin masu walda.

Nan da nan 'ya'yan kifin suka watse, suna ta kai da komo a cikin ruwa.

"Yawwa," in ji Awaisu. "Kun ji ɗumi."

Ya jawo kujera ya zauna, ya dafa bakin kwamin yana kallonsu. Sallar azahar kaɗai ta tashe shi. Ransa fari tas, domin yau ya tsinana wa yarinyar nan wani abu da karatunta bai ba ta ba. Dab da la'asar ruwa ya ɗauke. Ya sauke fitilar ya mayar cikin bututu, ya ɗaure murfin. Ya yi niyyar gaya mata in ta dawo. Da ta dawo ta gaishe shi, sai bakinsa ya yi nauyi, ya ce gobe.

Da yamman nan ta tarar robar ƙwarin gishiri ba ta motsi, duk sun kwanta a ƙasa kamar dusa. Ta zubar ta haɗa sabo. Washegari Awaisu ya tashi idanunsa kamar an zuba yashi, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko bakin ƙofa. Ya ce apolo ne. Matarsa Safara'u ta ɗauko kwalli. Suwaiba ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe tana kallon fuskarsa da bayan hannuwansa, sannan ta tashi ta sayo maganin ɗigawa. Ta ce ya zauna a ɗaki kwana biyu, ya rufe idon da tsumma mai sanyi.

Idon ya warke. Fatar goshinsa da ta hannu ta yi saɓa, ta bar duhu. A kwami na farko kuwa mutuwa ta shiga, kullum da safe Suwaiba na kwashe matattu da rariya. Waɗanda suka rayu suka girma a karkace. Wani bayansa ya lanƙwashe kamar lauje, wani idonsa ya yi fari, wani sai juyi yake a wuri ɗaya, ba ya iya miƙewa ya kai ga abinci. Na kwami na biyu kuwa lafiya lau, baƙaƙe, miƙaƙƙu, suna wawar abinci. Awaisu yakan shiga in ba kowa, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ba ya bukatar malami ya gaya masa iya inda wayar ta kai.

Ranar da suka cika sati uku Hajiya Munawwara ta zo da mata huɗu a mota, kowace da jarkarta. A wannan girman, in aka gauraya na kwamin biyu aka zuba a jarka, sai mai ido sosai zai gane. Awaisu yana tsakar gida yana gyaran ƙugiya, yana jin komai. Suwaiba ta ɗebo na kwami na farko a farin kwano ta fito da su haske.

"Hajiya, ku duba. Waɗannan ba zan ba ku ba. Na wancan kwamin lafiyarsu ƙalau, sai dai ba za su ishe ku duka ba."

"Innalillahi! 'Yar nan, me ya same su haka?"

"Kuskure aka yi a ɗakin nan. Alhakina ne."

Matan suka dubi juna. Hajiya Munawwara ta ce bari su je su yi shawara, suka tafi da jarkokinsu ba ko kifi ɗaya. Kafin sati ya zagayo maganar ta gama Rogo ta dawo Karaye da ƙari. Aka ce allurar da ake yi wa uwar ce ke nakasa 'ya'yan. Aka ce na wancan kwamin ma nakasar na ciki, sai an ci take fitowa. Wata mai suyar kifi ta rantse mai ciki ba za ta ci kifin kwami a hannunta ba. Daga ƙarshe Barau Sarkin Ruwa ya aiko da sanarwa cewa ranar Alhamis da hantsi masunta za su zauna a bakin dam, a yanke ko za a ci gaba da ba Suwaiba iyayen kifi, ko kuwa a hana, a kuma hana kifinta shiga inda ake sayar da nasu.

Ranar Talata Awaisu ya same ta tana wanke rariya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon bango.

"Ke. Ranar da kika je Rogo..."

"Na sani, Baba."

Ya juyo.

"Robar bakin murfin a juye ka mayar da ita, na tarar yana ɗiga. Ga ƙwarin gishiri sun mutu a wuni ɗaya. Da safe kuma na ga idonka."

"Kika yi shiru."

"Ai laifina ne. Na ce kada a taɓa, ban faɗi dalili ba."

"Ban tambaya ba," in ji shi. Sannan ya ce, "Yanzu na tambaya."

Ta ajiye rariyar. Ta ce shuɗin da ya gani ba shi ne aikin fitilar ba. Akwai wani haske tare da shi wanda ido ba ya gani, shi ke ratsa jikin abu mai rai ya ɓata tsarin da Allah ya ajiye a ciki, wanda jiki ke bi yana ginuwa. Shi ya sa yake kashe ƙwayar cuta, shi ya sa kuma ake kulle shi a ƙarfe. Babban kifi yana da kaurin fata, yana iya nutsewa ƙasa ya tsira. Ɗan kwana uku kuwa jikinsa garau yake kamar ruwa, ƙashin bayansa ma bai gama haɗuwa ba, sai hasken ya shige shi har ciki. Ƙwarin gishiri sun fi su ƙanƙanta, shi ya sa suka riga su.

"Da suka watse," in ji Awaisu, "na zaci ɗumi suka ji."

"Gudu suke, Baba. Babu wurin ɓuya ne."

Ya dafa ƙofa. Sai ta matso ta durƙusa.

"Don Allah ka bar shi a haka. Ni yarinya ce, in an yi da ni yau, gobe an manta. Kai fa? Su Baba Barau ba za su bar ka ka sha ruwa ba har ƙarshen rayuwa."

"In suka hana ki iyayen kifi fa?"

"Sai in nemo daga Kano."

Ya san ko ta nemo, ba mai sayen 'ya'yan.

Bayan azahar ya tafi zauren Malam Mu'az, malamin tsangayar unguwar, wanda suka taso tare. Ya same shi yana feƙe alƙalami. Suka gaisa, aka tambayi iyali da damina da ruwa, sannan Awaisu ya ce akwai mas'alar wani mutum da ya zo da ita. Wani mutum ne ya yi ɓarna da niyyar taimako, wani nasa ya gane, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa don ya rufa masa asiri, har ya roƙe shi kada ya faɗa. To in ya faɗa, bai zubar da alherin da aka yi masa ba? Bai tauye wa wancan ladansa ba?

Malam Mu'az ya ci gaba da fiƙa. "Wannan wani mutumin, shi ma ya yi apolo a marka? Apolon da bai kama kowa a gidansa ba?"

Awaisu ya sunkuyar da kai.

"Ladanta an rubuta tun ranar da ta yi shiru, Awaisu. Babu abin da za ka faɗa ranar Alhamis da zai kankare shi. Kada ka laɓe a bayan ladan yarinya."

"Tausayi ne ya sa ni, Malam. Wallahi tausayi ne."

"Na yarda. Rataya fitilar, ko mene ne ka rataya, ba a nan abin yake ba. Wanda bai sani ba ya yi kuskure. Amma wanda ya ga ɓarnarsa ya rufe ta ya yi shiru, ya san abin da yake yi."

"Yaya aka yi ka san fitila ce?"

"Ban sani ba, yanzu ka gaya mini. Na dai san kai da fitilar kaji ba ku rabuwa."

Awaisu ya tashi ba tare da ya sha furar da aka kawo ba. Ranar Laraba ya wuni a kwale-kwale bai jefa koma ko sau ɗaya ba. Abin da ke cinsa ba dariyar ba ce kaɗai. Yarinyar ta ba shi kyauta, mafi girman abin da take da shi, ta kuma roƙe shi ya riƙe. Mayar da kyauta cin fuska ne. Amma da ya tuna farin kwanon da ta fito da shi haske a gaban matan Rogo, alhali ba wanda ya tilasta ta, sai ya ga ita ba ta ɓoye nata ba, nasa kawai ta ɓoye. Wa ya koya mata haka? Ya so ya ce shi ne. Ya ga ba shi da bakin faɗa sai ya yi irinsa.

Ranar Alhamis, Suwaiba na ɗakin mahaifiyarta, ya shiga ya ɗebi kifi a bokiti biyu, ya ɗaura a bayan keke ya tura zuwa bakin dam. Masunta sun fi arba'in a inuwar ɗorawa, Barau na kan tabarma a tsakiya. Mata masu sayen kifi na gefe da kwandunansu, har da Hajiya Munawwara da ta zo daga Rogo don ta ji da kunnenta. An riga an fara. Wani na cewa tun kakanni ba a taɓa jin an yi wa kifi allura ba.

Awaisu ya yi sallama ya ajiye bokitan a gaban tabarma.

"Ranka ya daɗe, a duba waɗannan."

Aka leƙa. Ɗaya miƙaƙƙu suna wulƙawa, ɗaya karkatattu suna juyi.

"Uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya, allura ɗaya, rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Da allura ce, da duka ta taɓa. Abin da ya raba su, ni ne."

Ya faɗi komai, da ruwan da aka yi, da taruwar kusurwa, da igiyar da ya ɗaura a azara, da murfin da ya mayar. Bai rage ba. Da ya gama, Barau ya karkata kai.

"Tsaya, mutumina. Kifi ka ɗumama? A cikin ruwa?"

"Shi."

"Da fitila? Ka zuba musu dusa da gero kuma?"

Dariya ta ɓarke. Wani ya faɗi a kan koma yana riƙe ciki. Wani ya ce saura a saya musu rigar sanyi, wani ya ce a'a, bargo ya fi, Malam Awaisu zai lulluɓe dam ɗin gaba ɗaya in ɗari ya shigo. Awaisu na tsaye. Abin da ya yi shekara talatin yana gudu ya same shi, ya kuma ji bai kashe shi ba.

Da dariyar ta lafa, Barau ya share hawaye ya gyara zama, fuskarsa ta canza.

"Ka ba mu dariya, Allah ya saka. Amma ni ba yaro ba ne. Uba ne kai. Ka ga 'yarka za ta faɗi, ka ƙirƙiro wannan ka ɗora wa kanka. Mun gode da kara, amma fitila ba ta lanƙwasa ƙashi. Ni ma ina kwana da fitila, ga bayana a miƙe."

Aka ce, "Gaskiya ne, rufa mata yake."

Wannan Awaisu bai shirya masa ba. Ya kawo gaskiya da ƙyar, ga shi an ƙi karɓa. Ya dubi jama'a, sai ya hango Suwaiba ta iso tana haki, ta tsaya a bayan mata.

Sulle mai walda, wanda ya zo gyaran wani kwale-kwalen ƙarfe, ya ajiye gudumarsa ya matso.

"Baba Awaisu, ciwon idon nan da ka yi, kamar an zuba yashi? Ba a take ba, sai bayan an kwana?"

"Haka."

"Kwana biyu ya wuce? Ba kwantsa irin ta apolo, sai hawaye?"

"Haka aka yi."

"Ranka ya daɗe, wannan ciwonmu ne. Duk wanda ya yi walda ba gilashi ya san shi. Har fata yake gasawa, inda riga ba ta rufe ba."

Awaisu ya ɗaga hannu ya cire hularsa. Dattijo ne, ba a taɓa ganin kansa a waje ba. A goshinsa akwai layi a miƙe kamar an ja da zare: daga inda hula ta tsaya zuwa sama fatarsa ce ta da, daga nan zuwa ƙasa ta yi duhu, da sauran alamar saɓa. Ya miƙa bayan hannuwansa, su ma haka, iya bakin hannun riga.

"Ni da nake da fatar shekara sittin ke nan," in ji shi. "To ɗan kwana uku fa?"

Barau ya taso ya duba da kyau, har ya sa yatsa. Ya koma ya zauna.

"Mayar da hularka, Awaisu." Ya waiga wajen mata. "'Yata, matso. Wace irin fitila ce wannan kika ajiye a unguwa?"

Suwaiba ta matso ta durƙusa ta gaishe su. Ta yi musu bayanin hasken da ido ba ya gani. Ta ce danginsa ne na walda, akwai ma wanda ya fi shi ƙarfi, irin na hoton ƙashi a asibiti, shi ya sa ake tambayar mace ko tana da ciki kafin a ɗauka, domin abin da ke kan ginuwa shi ya fi saurin cutuwa. Ta ce in fitilar na cikin ƙarfenta, ruwa kaɗai take taɓawa, kuma ba ta barin komai a cikinsa. Wani ya tambaya ko cin karkatattun na cutarwa. Ta ce a'a, ƙuna ce ta same su, ba guba ba, amma ba za ta ba kowa su ba don ba za su yi girman kirki ba. Wani tsoho ya tambaya ko rana ma na da irin hasken. Ta ce tana da ɗan'uwansa, shi ya sa tarwaɗa ke zuba ƙwai a cikin ciyawa da ruwan laka. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ya sha gani bai san dalili ba.

Hajiya Munawwara ta ɗaga murya daga gefe. "To ke da kika san duk wannan, me ya hana ki gaya mana ranar?"

Suwaiba ta sunkuyar da kai. Awaisu ne ya amsa.

"Ni take rufawa, Hajiya. Tun washegari ta gane. Sama da sati guda ana cin namanta daga nan har Rogo, ba ta buɗe baki ba. Kuma da ta so, da ta gauraya muku su a jarka, sai bayan wata biyu ku gani." Ya juya ya dube ta. "Suwaiba ke nan. 'Yata Suwaiba."

Ta ɗago da sauri. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Af!" in ji Barau. "Yau kuma har da sunan 'yar fari? Fitilar nan ta ƙona kunyar ma." Aka sake dariya, wannan karon mai taushi. Ya dubi masunta. "Akwai mai sauran magana a kan allura?"

Ba wanda ya tanka. Hajiya Munawwara ta riga ta tsuguna a gaban bokitin miƙaƙƙun tana kallo, tana tambayar ko jibi za a iya kawo jarkoki.

A hanyar gida Suwaiba ce ta tura keken. Sun yi nisa kafin ta ce, "Baba, na roƙe ka fa."

"Kin roƙa."

"Yanzu ga shi sun sa maka suna. Na ji suna cewa Uban 'Yan Tsaki."

"Na ji. Tura keken, ruwa na zuba."

Karkatattun bai bari an zubar ba. Ya sa su a tsohuwar randa a inuwa, yana ba su abinci da hannunsa, yana kai wa makafin har baki.

Washegari da sassafe aka yi sallama a ƙofar gida da ƙarfi, yadda duk layin zai ji.

"Ina Uban 'Yan Tsaki? A fito a karɓi baƙuwa, sanyi take ji!"

Awaisu ya fito. Barau ne da kansa, da babban baho a gabansa, a ciki wata ƙatuwar tarwaɗa, cikinta ya cika da ƙwai. Maƙwabta sun fara leƙowa suna murmushi. Awaisu ya duba kifin, ya yaba, amma bai sa hannu ba.

"Ba ni za ka ba ba, ranka ya daɗe. Ni an hana ni taɓa kayan ɗakin."

Ya juya ya fuskanci cikin gida, ya ɗaga murya fiye da yadda ake bukata.

"Suwaiba! Fito, ga Sarkin Ruwa ya kawo miki aiki."